Zaɓen namijin dabino: abin da ya kamata mai saye a Abuja ya duba kafin ya biya kuɗi

Yawancin mutanenmu da ke zaune a Abuja, idan suka yi niyyar kafa gonar dabino a Kuje ko Gwagwalada ko can gida Jigawa, hankalinsu kan tafi ne ga macen, suna tambayar ko Ajwa ce ko Majdul, sai a ƙarshe su ce wa mai sayar da dashe ya haɗo musu da kowane namiji. Wannan sakaci yana damuna ƙwarai, domin garin furen namiji ba ɗaukar 'ya'ya kaɗai yake jawowa ba, yana taɓa girman dabinon da girman ƙwallonsa da lokacin nunarsa.

A Amurka aka fara auna wannan da kyau. A shekarar 1928 masanin tsirrai Walter Swingle ya raɗa wa lamarin suna metazeniya, kuma Roy Nixon, wanda ya yi gwaje-gwaje a Kalifoniya kan dabinon Deglet Nur, ya ga cewa namijin da ake kira Fard 4 yana ba da ƙananan 'ya'ya masu saurin nuna, yayin da wanda ake kira Mosque yake ba da manya masu jinkiri, har tazarar ta kai kimanin mako biyu. Ga manomin Dutse, inda cibiyar binciken kwakwar manja ta Najeriya, wato NIFOR, take da tashar binciken dabino, mako biyu ba wani abu ba ne. Amma a Abuja damina takan riga ta Jigawa sauka nesa ba kusa ba, ruwa da laima kuwa su ne ke tsaga dabino su ruɓar da shi yana dab da nuna, saboda haka a ganina saurin nuna ya fi girman 'ya'ya muhimmanci ga mai gona a nan.

Mafi arha shi ne dashen da aka tsiro daga ƙwallo, irin wanda ake jerawa cikin leda a bakin titi. Kusan rabinsa maza ne, ba a gane jinsinsa da tabbaci sai ya yi fure bayan shekara huɗu ko fiye, kuma ko ya fito namiji babu wanda ya san halinsa. Ban ba da shawararsa ba.

Tohon da aka cire daga gindin sanannen namiji ya fi tsada da wuyar samu, yana kuma bukatar ban ruwa da kulawa kafin ya kama ƙasa, sai dai halin uban yake ɗaukowa gaba ɗaya. Nan ne ya dace mai saye ya tsaya ya yi tambaya da ladabi amma ba tare da jin nauyi ba: Malam, wane wata wannan namijin yake buɗe fure, kube nawa yake fitarwa a shekara, kuma ina matan da aka yi wa barbara da shi? In da hali a je a ga nonon dabinon a kan bishiya. Namijin da ke buɗewa bayan matan sun gama ba shi da amfani komai kyansa, domin furen mace ya fi karɓar gari cikin kwana biyu zuwa huɗu bayan tsagewar kubensa. Idan da hannu ake barbarar, ana sa sili biyu ko uku na furen namiji a kife cikin nonon mace a ɗaure, namiji ɗaya yakan wadatar da mata kusan 50.

Mai bishiya biyar ko goma a bayan gida kuwa ba dole ne ya ba namiji fili ba. Yana iya sayen busasshen garin fure daga manomin da ya amince da shi, ya zuba a kwalba mai murfi ya ajiye a firiji, inda yakan kai shekara da ƙarfinsa muddin danshi bai shige shi ba. Ya sayo daga maza biyu ko uku, ya ɗaura wa kowane nono ƙyalle mai launi daban, ya rubuta ranar barbara da ranar da kowanne ya nuna, sannan baɗi ya koma wurin mai namijin da 'ya'yansa suka fi saurin nuna.