Kayan gwajin jini na Kastle-Meyer: sun cancanci shiga ɗakin gwajin makaranta?

Akwatin ɗan ƙarami ne, kwalabe uku ne a ciki: itanol, ruwan Kastle-Meyer, da haidurojin feroksaid mai ƙarfin kashi 3 cikin 100, sai tsinken auduga. Gwajin tsoho ne, Joseph Kastle ya fara shi a 1901, Erich Meyer ya inganta shi a 1903, kuma har gobe masu binciken laifi da dama da shi suke fara taɓa tabon da suke zargin jini ne.

A jiƙa audugar da ɗigo ɗaya na tataccen ruwa, a goga a kan tabon. A ɗiga itanol ɗigo ɗaya, sannan ruwan Kastle-Meyer ɗigo ɗaya, a dakata 'yan daƙiƙu ana kallo. Wannan dakatawar ita ɗalibai suka fi tsallakewa, alhali ita ce ginshiƙin aikin: idan audugar ta yi ruwan hoda tun kafin a sa feroksaid, to wani sinadari ne ya yi shisshigi, irin su gishirin jan ƙarfe, ba jini ba. Idan ba ta sauya ba, a ɗiga feroksaid. In da jini, nan take launin hoda zai bayyana rangaɗau, domin himogulobin, sinadarin da ke sa jini ja, yana sa feroksaid ya mai da finolftalin mara launi da ke cikin ruwan zuwa finolftalein mai launi. Launin da ya fito bayan daƙiƙa 30 ba abin dogaro ba ne, iska kawai tana iya jawo shi.

Abin yabo shi ne saurinsa, da yadda yake kama ko busasshen tabon da ido ba ya gani sosai. Ba ya buƙatar ɗaki mai duhu kamar luminol, wani gwajin da ke sa tabon jini ya yi haske a duhu.

Inda yake da rauni shi ne ajiya. A duba gindin kwalbar ruwan Kastle-Meyer, dole a ga ƙwayoyin ƙarfen zinki a kwance, su ke hana ruwan lalacewa. Idan ruwan ya fara ja-ja a cikin kwalba, ya tashi daga aiki. Feroksaid ma ƙarfinsa yana raguwa in ya sha haske, shi ya sa kwalbarsa take da duhu. Kafin darasi a gwada da jinin dabba, a kuma gwada da auduga zalla. Jinin roba da yawa ba shi da himogulobin, ba zai nuna komai ba. Kada a huda yatsan ɗalibi ko kaɗan. Ruwan Kastle-Meyer kuma yana cin fata, safar hannu da tabarau wajibi ne.

Ya cancanci saye, da sharaɗin malami ya sa ɗanyen dankali cikin samfuran. Sinadarin feroksides da ke cikinsa, wanda ke aiki da feroksaid kamar yadda himogulobin ke yi, kan iya ba da launin hoda shi ma, kuma gwajin ba ya bambanta jinin mutum da na saniya, don haka a rahoto "mai yiwuwa jini ne" kawai ɗalibi zai rubuta.