Gam ɗin Sikaflex-295 UV wajen liƙa murfin gilashin ƙaramin jirgi

Duk wanda ya haɗa ƙaramin jirgin sama da hannunsa, musamman irin jiragen RV na kamfanin Van's Aircraft da ke jihar Oregon a Amurka, ya san cewa babu aikin da ke tayar wa mutum hankali kamar ɗora murfin gilashin da ke rufe mazaunin matuƙi. Gilashi dai ake ce masa, amma robar akirilik ce, kuma idan zafi ya taso tana buɗewa kusan ninki 3 na yadda alminiyom ke yi, kusan ninki 6 na baƙin ƙarfe. Tsohuwar hanya ita ce a huda ta a ɗaure ta a jikin firam da ƙusoshi, sai dai kowace huda wuri ne da tsagewa kan iya somawa, ko a ranar da aka yi ta, ko bayan shekaru a wata safiya mai sanyi.

Wannan ne ya sa na zaɓi Sikaflex-295 UV, gam ɗin da kamfanin Sika na Suwizalan ya yi domin tagogin roba na jiragen ruwa, masu haɗa jiragen sama kuma suka aro shi. Ba ya buƙatar gauraya, danshin iska ne ke busar da shi, kuma ko ya bushe yana nan da laushi, ta yadda gilashin zai buɗe ya tsuke ba tare da firam ya matse shi ba.

Ingancin aikin ya rataya ne kacokan a kan shiri. Sai an zagaye wurin da za a liƙa da tef, a goge gilashin da firam da abin gurza har ƙyallinsu ya dushe, a share da ruwan Aktivator-205, sannan a shafa baƙin fentin share fage mai suna Primer-209 D. Wannan fenti yana da saurin bushewa ƙwarai, ba ya kuma fita daga akirilik idan ya ɗiga inda ba a so, saboda haka duk karkacewar da tef ya yi za ta fito fili a gefen baƙin layin da ake gani ta waje. Ana kuma sa guntayen roba masu kaurin kimanin milimita 3 tsakanin gilashin da firam, domin gam ɗin da aka matse ya yi siriri ba zai iya miƙewa ba. Na fara ɗiɗɗiga shi tsakanin guntayen, na bar shi ya kama, daga baya na zare su na cike gurabensu, na lailaye bakin da yatsa cikin safar hannu, na ɓare tef tun gam ɗin bai yi fata ba.

Akwai abin da ya kamata mai saye ya auna. Gam ba ya gyara firam ɗin da bai zauna daidai ba, kuma da zarar ya bushe an gama, sai dai a yanka. Dole ne a tabbatar murfin yana buɗewa yana rufewa lafiya tun yana riƙe da matsi kawai. Haka nan ba ya ɗauke wa mutum yanka gilashin, wanda ake yi a ɗaki mai ɗumi, a kuma goge bakin yankan sumul kafin a ɗaga shi. Kayan suna da wa'adi a rubuce a jikinsu, kuma fentin share fagen ba ya daɗewa bayan an buɗe kwalbarsa, don haka a saye su dab da aikin.

A ganina ya cancanci wahalarsa ga mai haƙurin bin umarnin kamfanin tiryan-tiryan. Wanda zanen jirginsa ya tanadi ƙusoshi kuwa, ya fara tuntuɓar mai zanen da jami'in da zai duba jirgin kafin ya sauya hanya.