Saiwar baleriyan ta sa ni barci, amma ƙafafuna sai da aka yi gwajin jini

Wanda bai taɓa fama da rashin natsuwar ƙafa ba, da wuya ya gane abin da ake nufi. Da zarar dare ya yi ka kwanta, sai ka ji kamar kiyashi na yawo can cikin ƙwauri, inda hannu ba ya kaiwa, kuma ba ya lafawa sai ka motsa ƙafar ko ka tashi ka yi ta zagaye a ɗaki. Likitoci na kiranta cutar Willis-Ekbom, da sunan Thomas Willis na Ingila da ya bayyana ta tun ƙarni na 17, da Karl-Axel Ekbom na Suwidin da ya yi cikakken bayaninta a 1945.

Kafson saiwar baleriyan na saya, wani tsiro da ake shan saiwarsa don samun barci, wanda ake rubuta Valeriana officinalis a jikin kwalbarsa. Warinsa ne zai fara tarbar ka, domin ko murfin ka buɗe sai ya cika ɗaki. Ina shan sa kamar awa guda kafin kwanciya, kuma gaskiya ya yi mini rana ta fuska ɗaya: fargabar shigowar dare ta ragu, barci na ɗauke ni da wuri. Amma ƙafafun suna nan yadda suke. Tsakar dare su tashe ni, da safe kuma in wayi gari kaina ya yi nauyi.

Da na kai kuka wurin likita, gwajin feritin ta fara rubuta mini, wato ma'aunin ayon (sinadarin ƙarfe) da jiki ya adana. Nawa ya yi ƙasa, alhali gwajin ƙarancin jini na yau da kullum bai nuna komai ba. Ta ce ƙwaƙwalwa na buƙatar ayon wajen sarrafa dofamin, sinadarin da ke daidaita motsin gaɓoɓi, kuma ga masu wannan lalura, idan feritin bai haura 75 ba akan ba su ƙarin ayon. Akwai kuma gado a ciki, don a 2007 masu bincike sun danganta ta da ƙwayoyin halitta irin su MEIS1 da BTBD9. Juna biyu, musamman watannin ƙarshe, da ciwon ƙoda na jawo ta. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wasu magungunan mura da ƙaiƙayi masu sa gyangyaɗi, da wasu na ciwon damuwa, suna ƙara tsananta ta.

Sai da na yi watanni kan ƙwayar ayon kafin na ga sauƙi na haƙiƙa, a hankali a hankali. Kada dai kowa ya sha ta da ka, domin ayon idan ya taru a jiki yana illata hanta.

Abin da ke damuna da yadda ake tallan baleriyan shi ne yana iya sa mutum ya daɗe yana lallaɓa barcinsa, tushen matsalar kuwa ba a taɓa shi ba. Mai ɗan rashin barci zai iya amfana da shi. Mai juna biyu, da mai shan maganin barci, da mai ciwon hanta, su tambayi likita tukuna, kuma duk wanda ya sha kada ya kama tuƙi a daren.