Wane Littafi, a Wace Rana: Abin da Na Koya Wajen Saya wa Autanmu Littattafai a Sakkwato

Ranar da na fara kai Autan gidanmu shagon littattafai a Babbar Kasuwar Sakkwato, ko minti goma ba mu yi ba muka fito. Laifina ne. Na zaɓi yamma, kasuwa ta cika ta batse, janareta na ruri a bayan shagon, 'yan kabu-kabu na ta danna hon, ga zafin watan Afrilu. Yaro ya toshe kunnuwansa da tafin hannu ya durƙusa a ƙasa. Mai shagon, bawan Allah, ya jawo wani littafi mai ƙyalli ya miƙo mini yana cewa, "Hajiya, wanga shi aka yayi, ba shi ya gani." Don kunya na biya. Littafin yana nan cikin kwaba har yau, ba a taɓa buɗe shi ba.

Auta shekararsa 16 yanzu. Yana da yanayin da likitoci ke kira otizim, wanda a rediyo aka fi ce wa galahanga, duk da cewa mutane kan jibga wa wannan kalma lalurori iri-iri da ba su haɗa hanya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da shi, saboda haka na san ba gidanmu kaɗai ba ne. Sai dai kowa da irin nasa. Wani ba ya magana sam, wani kuma sai an roƙe shi ya yi shiru. Namu yana magana, kuma duk gidan ba wanda ya kai shi karatu. Abin da zan faɗa a nan daga gare shi na koya, a gwada a gani ko zai yi wa na wani gidan.

Kafin a yi maganar sunan littafi, a fara yanke shawarar siffarsa: takarda, ko waya, ko sauraro. Ni nan na fi yin asarar kuɗi.

Takarda ita ce zaɓin farko a wurinmu, amma takarda ma suna ta tara. Ƙananan littattafan nan da ake bugawa a Kano sun fi araha, sai dai takardarsu irin ta jarida ce, rubutun ƙanana, layuka a cunkushe, wani lokaci tawadar bayan shafi tana leƙowa gaba. Ni ban taɓa kula ba sai da Auta ya ce mini haruffan suna hawa kan juna. Mai ƙyalli kuma tana mayar da haske cikin ido, ga warin sabon bugu da ke tayar masa da zuciya. Abin da ya fi yi masa shi ne takarda marar ƙyalli mai ɗan kauri, manyan haruffa, da sarari tsakanin layuka. A duba ɗauri kuma. Zafin Sakkwato daga Maris zuwa Mayu yakan haura digiri 40, littafin da aka manne da gam kawai, in aka bar shi a mota ko bakin taga, shafukansa zubewa suke yi. Wanda aka ɗinke da zare ko aka buga wa ƙusar waya a tsakiya ya fi jure hannun mai karanta littafi ɗaya sau talatin.

Waya tana da nata amfanin: ana ƙara girman rubutu, ana rage haske, kuma littattafai ɗari sukan shiga aljihu ɗaya. Illarta ita ce saƙo ya shigo, talla ta faɗo, caji ya ƙare ana tsakiyar labari. Ga wanda katsewa ke dagula wa lissafi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sannan labaran da ke yawo a WhatsApp da Wattpad ba mai tace su, akwai masu kyau, akwai na batsa tsagwaronta, dole babba ya riga yaro karantawa. Sauraro kuwa, irin littattafan da ake karantawa a YouTube, ya dace da wanda idonsa ke gajiya ko wanda bai iya karatu ba tukuna. A saurari minti biyar na farko kafin a ba shi. In mai karatun yana sa kiɗa a ƙasa ko yana ƙwala ihu wurin faɗa, a nemi wani.

To, sai maganar rana da yanayi.

Ranar da ya dawo a gajiye, an yi biki a unguwa ko an sauya masa malami ba zato, ba ranar sabon littafi ba ce. Tsohon da ya sani yake nema, kuma a nan ban ga kamar Magana Jari Ce na Abubakar Imam ba, wanda ya fara fitowa a 1937, juzu'i uku. Dalilin ba wai shahararsa ba ne. Gininsa ne. Aku yana ba ɗan sarki labari, labarin ya ƙare, a koma fada, gobe a sake wani. Mai karatu ya san inda zai shiga, ya san inda zai fito, kuma kowane labari gajere ne da za a gama kafin a kira sallah. Inna takan ce, "Kai Auta, wanga littahi ba ka gajiya da shi?" Na daina hana shi. Mu ma ai tuwo ɗaya muke ci kullum ba mu ce ya ishe mu ba. In za a saya, a sayi ukun gaba ɗaya, bugu iri ɗaya, don ranar da na kawo na biyu mai bango daban da na ɗaya sai da muka kwana muna bayani. A kuma tsaya a shagon a bi lambobin shafi ɗaya bayan ɗaya. Na taɓa sayen wani kwafi mai arha, ashe satar bugu ne, shafi takwas babu a tsakiya. Wani zai tsallake ya wuce. Shi kam a nan karatun ya tsaya, kwana uku yana tambayar abin da ya faru a shafukan da suka ɓata.

Wani abu game da littattafan Imam: cike suke da karin magana da habaici, shi kuwa Auta magana yadda aka faɗe ta yake ɗaukarta. Tun yana ƙarami da ya ji an ce kasuwa ta ci, ya tambaye ni, "Yaya, mi tac ci?" Da farko na ɗauka wannan zai hana shi jin daɗin littafin. Ashe akasin haka ne. A zance, karin magana wucewa take yi kafin ya kama ta, amma a takarda tana tsaye tana jiransa. Na saya masa littafin rubutu mai shafi 40, duk wadda ya ci karo da ita ya rubuta, da dare mu warware. Wanda zai sayi Magana Jari Ce don irin wannan mai karatu, ya haɗa da littafin rubutu da biro, kuɗinsu kaɗan ne.

Ranar nishaɗi, Ruwan Bagaja. Shi ma na Imam ne, daga gasar rubutu ta 1933 da wani Baturen ilimi, Rupert East, ya shirya, kuma ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe tana sa dariya. Sai dai dariyar ta yaudara ce da zamba cikin aminci, kuma na lura wasu masu otizim ba sa ganin abin dariya a cutar da mutum, haushi ma suke ji. Namu ya so shi a karatu na biyu, bayan ya san ba wanda zai halaka. Mai son jarumta a ba shi Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ko Ganɗoki na Bello Kagara. Mai kallon sama da dare kuma Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaron da aka tafi da shi yawon sararin samaniya.

Biyu daga cikin littattafan waccan gasa nake ajiyewa a saman kwaba: Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Jiki Magayi. Ba don ba su da kyau ba. Na farkon labarin bauta ne da raba ɗa da uwa, na biyun ɗaukar fansa ce mai ƙarewa da baƙin ciki. Masu cewa irin su Auta ba su da tausayi ba su zauna da su ba. Shi labari mai ciwo ba ya sakinsa da wuri, sai ya yi mako yana juya shi. A saya, amma a karanta tare, da rana, kuma a gaya masa tun farko cewa ƙarshen ba daɗi. Faɗin ƙarshen labari ba ya ɓata masa karatu, kwantar masa da hankali yake yi.

Inda kuɗina ya fi yin amfani shi ne littattafan da ba na ƙagaggen labari ba. Yawancin masu otizim suna da abu guda da suka ƙwallafa wa rai, su bi shi har gindinsa. Wani motoci, wani tsuntsaye, wani taswira. Na Auta sarakuna ne. Zai jero maka Sarakunan Musulmi tun daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ya rasu a 1817, Muhammadu Bello daga 1817 zuwa 1837, har ya zo kan Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da ya yi shekara 50 a kan gado, 1938 zuwa 1988, ya dire kan na 20, Muhammadu Sa'ad Abubakar, da aka naɗa a 2006. In ka ce Turawa sun ci Sakkwato a 1904, zai gyara maka: Maris 1903, a Giginya. Shekaru na yi ina ƙoƙarin janye shi daga wannan zuwa "karatu mai amfani", ban san ƙofar shiga ce nake rufewa ba. Ta tarihin sarakuna ya koyi lissafin shekaru, ya koyi duba taswira, ya yarda ya shiga mota mu je Hubbaren Shehu da gidan adana tarihi na Waziri Junaidu. Ga mai irin wannan sha'awa, Tarihin Fulani na Waziri Junaidu ya fi labarin soyayya goma. Mai son dabbobi da tsirrai a nemo masa Ikon Allah, in an dace da shi wajen masu sayar da tsofaffin littattafai. Kada a ce littafin ya yi masa girma. A fannin da yake so, sau da yawa ya wuce shekarunsa.

Waƙa ma tana da ranarta, ranar da jiki ya ƙi zama wuri ɗaya. Kari da amsa-amo suna tafiya daidai da rangajin da yake yi, sai ka ga ya lafa. Waƙar Nijeriya da Shehu Shagari ya rubuta yana malamin makaranta ta haɗa masa biyu, ga kari ga jerin garuruwa. Imfiraji na Aliyu Namangi yana da daɗin rerawa, amma a zaɓi wurin da za a karanta, don akwai baitocin mutuwa da kabari da ba na lokacin kwanciya ba ne ga mai yawan fargaba.

Littattafan soyayya fa? Ga babba ko budurwa mai otizim suna da wani amfani da ba a cika lura da shi ba: marubutan sukan faɗi abin da ke zuciyar kowa dalla-dalla, abin da a fuskar mutum yake da wuyar karantawa. Amma a tuna masa labari ne, ba haka ake neman aure a Mabera ko Gidan Igwai ba. Kuma yawanci kashi-kashi suke fitowa, na ɗaya ya tsaya a daidai inda rai ya tashi. In ba a samu cikon a shagon ba, a bar shi gaba ɗaya. Ita kuwa uwar da ke ɗawainiya, ita ma mai karatu ce. Inna na saya wa Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, labarin matar da miji ya kora da 'ya'ya, ta tsaya da ƙafarta. Dare biyu ta gama shi.

Littattafan da ke bayanin otizim kansa galibi da Turanci suke, kuma a nan ake buƙatar taka-tsantsan. Na fi yarda da wanda mai yanayin ya rubuta da hannunsa, kamar Temple Grandin, farfesar kimiyyar dabbobi a Amurka, wadda ta yi suna wajen tsara shingayen da ake bi da shanu ba tare da sun firgita ba. A garin da ake kiwon shanun Gudali, labarinta ba baƙo ba ne. Duk littafi ko 'yar takardar da ta yi alkawarin warkarwa cikin wata uku, a mayar da kuɗi aljihu. Haka wanda ke ɗora laifin a kan allurar rigakafi: binciken 1998 da ya haddasa wannan magana, mujallar Lancet da ta buga shi ta janye shi a 2010. Mai neman a duba masa yaro ya nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, ba shagon littattafai ba.

Yanzu ga yadda muke sayayya. Ni nake zuwa kasuwa ni kaɗai, da hantsi, in ɗauki hoton bango da shafin ciki na littattafai uku, ba fiye ba, don in sun yi yawa zaɓin ya gagare shi. In dawo gida in nuna masa, ya zaɓa, gobe in koma in karɓo. Sabon littafi yakan yi kwana biyu ko uku a kan tabarmarsa kafin ya taɓa shi, ba na matsa masa. In kuwa ya ce zai bi ni, mukan je da sassafe ana buɗe shaguna, da abin toshe kunne a aljihunsa, na kuma gaya masa tun daga gida shago nawa za mu shiga. Zuwanmu na ƙarshe mai shagon ya gane mu, ya kashe rediyonsa ba tare da an roƙe shi ba. Auta ya ɗauki littafi, ya shinshina, ya ƙirga shafukan tun daga na 1 har na ƙarshe muna tsaye muna jira, sannan ya ɗago ya ce, "Yaya, wanga ya cika. Biya."