Kayan hannu ko na kafinta: wanne ya fi wa mai haya a Legas?

Malam, ka ce ka kama ciki da falo a Agege, amarya za ta tare bayan Sallah, kuma iyayenta sun ga cewa maimakon a ɗoro gado da kujeru a mota daga Kano, tafiyar kimanin kilomita 1,000, gara su turo kuɗin a haɗa kayan a nan. Kana tambaya: ka nemi na hannu, ko ka ba kafinta ya yi sabo? Allah ya sanya alheri. Ni a ganina kada ka yanke wa kayan hukunci ɗaya gaba ɗayansu. Raba su gida biyu: abin da yake katako, da abin da yake soso da yadi. A katako na hannu yakan fi. A soso kuwa sabo ne kawai.

Bari mu fara da katakon, don a nan mutanenmu da suka taso daga Arewa suka fi ruɗuwa. A gida abin da ke cin kaya shi ne bushewa, hunturu ya zo katako ya tsage. Nan Ikko akasin haka ne. Ruwa yakan fara tun wajen Afrilu, ya yi tsanani a Yuni da Yuli, bai ɗauke sosai sai bayan Oktoba, kuma ko da rani iskar garin da laima take. Gadon da aka yi da madaci ko iroko shekaru goma da suka wuce, ya sha daminar Legas sau goma bai karkace ba, ya riga ya nuna halinsa. Sabon da kafinta zai buga maka kuwa ba ka san da wane irin falanki zai yi ba. Wanda ya daɗe yana bin gadar Third Mainland ya san gungumen itacen da aka saba jerawa a cikin ruwa ta wajen Oko-Baba a Ebute Metta. Itacen da aka tsamo daga ruwa aka tsaga yana bukatar watanni kafin ya bushe, kuma ba kowane kafinta ke jira ba. Idan aka yi aiki da ɗanyen katako, ranar da aka kawo zai yi ta sheƙi, bayan wata huɗu ƙofar sif ta ƙi rufuwa, gado ya fara ƙara duk juyin da aka yi.

To amma fa ba duk na hannu ne katako ba. Yawancin sif da durowa da teburin talabijin da ake tallarsu da kyalli, allon MDF ne, wato garin katako da aka matse da gam aka lulluɓe da takarda mai zane. Wannan in ya sha ruwa sau ɗaya ya kumbura, ba ya komawa. Kuma ba ya son kwancewa da ɗaurawa: noti ya fita daga raminsa sau biyu, na uku ba zai kama ba. Saboda haka MDF na hannu shi ne mafi munin ciniki a duk wannan harka. In dole sai shi, sabo ya fi, a haɗa shi a cikin ɗakin, a ɗora shi a kan ƙafafu, kada gindinsa ya taɓa ƙasa.

Gane su ba wuya. Durƙusa ka duba gindin sif ɗin, can wajen da mai goge ɗaki ke kai tsumma. In ka ga gefen ya yi bororo, takardar ta ɗaye, ka danna da farce ya lotsa, bar musu kayansu. Ɗaga kusurwar gado da hannu ɗaya: madaci da iroko za ka ji nauyinsu a kafaɗa, obeche da malaina shafal suke. Sannan ka haska fitilar waya a ƙasan inda kayan ke ajiye. In akwai wani lallausan gari kamar fulawa da 'yan ƙananan huji a jikin katakon, ƙwaro na ciki yana aiki, fenti ne kawai ya riƙe shi. Obeche ya fi kowanne saurin kamuwa da wannan.

Yanzu soso. Katifa ta hannu, ko kyauta aka ba ka, ka ce Allah ya saka ka wuce. Dalilin kuɗin cizo ne. Gidajen haya na Agege da Mushin da Idi-Araba da Mile 12 a cunkushe suke, kuma wannan ƙwaro yana iya yin watanni bai ci komai ba yana laɓe a cikin ɗinki. Ƙwansa na ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10, shi ya sa mutum zai yi feshi yau ya ce ya huta, sati biyu ya ga sun dawo. Idan suka shiga gidan da ake haɗa bango, ba kai kaɗai za ka sha ba, kuma maƙwabta za su san ta ƙofar wa aka shigo da su. Katifar Vitafoam da Mouka nan Ikeja ake yin su, dilolinsu na ko'ina, ka saya a cikin ledarta.

Kujerun kushin su ne a tsakiya, don rabinsu katako rabinsu soso. Tsohon saiti mai zaman mutum bakwai, wanda ƙashinsa katako ne mai kyau, ya fi yawancin sababbin da ake jerawa a bakin titi, waɗanda in ka yage yadin ƙasansu za ka tarar da guntattakin falanki da kwali da tarkacen soso. Amma sharaɗi ne a kifa kujerar a gabanka. Buɗe ɗinkin hannunta da yatsa, haska ciki: ɗigo-ɗigon baƙi kamar an yayyafa tawada kashin kuɗin cizo ne. Sa hanci kuma, warin fumfuna ba ya ɓuya, alama ce ta kujerar da ambaliya ta taɓa shiga gidanta, abin da ba baƙo ba ne ga kayan da suka fito daga Lekki da Ajah. In ƙashin lafiyayye ne, saya da araha, kai wa mai ɗinkin kujera ya cire tsohon soso da yadi gaba ɗaya a shagonsa, ba a gidanka ba, ya sa sabo. A nan na hannu da kafinta suka haɗu, kuma shi ne abin da zan yi da ni ne kai. Ka guji ledar nan mai kama da fata, zafi da laimar garin nan suna sa ta ɓarewa.

Wani abu a gefe, tunda mun zo maganar ƙwari. Kada a ce maka ka fesa Sniper ka rufe ɗaki ka kwana a ciki. Maganin gona ne mai guba, tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni da kantuna saboda rayukan da ya ci. Gadon da ka sayo a kwance shi filla-filla, a shanya a rana, a bi mahaɗansa da tafasasshen ruwa, a bar shi ya bushe kafin ya shiga ɗaki.

Ta fuskar kuɗi, sabo ya yi tsada ne da dalili. Allunan, da yadi, da sinadaran soso, da marufai, yawancinsu da dala ake shigo da su. A 2015 Babban Bankin Najeriya ya sa kayan ɗaki da allunan katako cikin jerin kaya 41 da ya hana wa dalar gwamnati, bai janye ba sai Oktoban 2023, a lokacin kuma naira ta riga ta faɗi. Don haka in kafinta ya ce maka kaya sun tashi, ba ƙarya yake ba. Sai dai arahar na hannu ma tana da ƙaya. Farashin da aka faɗa maka ba shi ne abin da zai fita daga aljihunka ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, hayar akori-kura ta zama wani babban ciniki ita kanta. Gadon da ka gani a Ajah kana Agege, sai ya ƙetare gada, ya sha gosulo, ga masu dako a can da nan, ga 'yan tasha da za su tare mota su ce sai an ba su na lodi. Ka haɗa duk wannan da kuɗin gyara da la'adar dillali. Ma'aunina shi ne, in jimillar ta kai kashi biyu cikin uku na kuɗin sabo, babu riba. Shi ya sa kayan da ke kusa da kai, a Ogba ko Iyana Ipaja, ko da sun ɗan ɗara tsada, sun fi maka na Tsibiri, wato ɓangaren su Lekki da Ajah.

Lokaci kuma yana bayan na hannu. Yau ka gani, yau ka biya, yau ka ɗauka. Kafinta zai karɓi kafin alƙalami ya ce sati biyu, kuma gab da Sallah kowa ya san yadda alƙawarin masu sana'a yake. In shi za ka ba, ku je kasuwar katako ta Amu a Mushin tare, ka ga falankin da idonka, ka riƙe ragowar kuɗinsa sai kaya sun shigo ɗaki. Inda kafinta ya yi zarra shi ne awo. Matakalar benen haya a Legas ƙunci gare ta, ƙofofin ma haka. Na taɓa ganin sif mai ƙofa huɗu ta kwana a tsakar gida an rufe ta da leda, don ta ƙi juyawa a kwanar bene, washegari sai da aka sa zarto. Auna ƙofarka da ɗakinka kafin ka fita. Gado ƙafa 6 da 6 a ɗakin ciki da falo yakan cinye wurin sallah ma, mai ƙafa 4 da rabi ya wadatar.

A na hannun ma akwai bambanci tsakanin mai shago da mai gida. Mai shago ya riga ya goge, ya shafa fenti, ya ɓoye aibi, ya ɗora ribarsa, amma gobe ma yana nan in ka dawo da ƙorafi. Masu tashi zuwa Ingila ko Kanada kuwa, waɗanda ke zuba kayansu a shafin saye da sayarwa na Jiji da Facebook da Instagram, su ne suka fi kaya masu kyau, kuma da yake ranar jirgi na matsowa sukan sallama da wuri. Nan kuma 'yan damfara suka fi yawa. Hoton kaya masu kyau, farashi kamar na banza, sai a ce tura rabi a ajiye maka don wani na hanya. Ko sisi kada ka tura sai ka shiga gidan ka taɓa kayan. Je da rana, je da mutum, in da hali wanda ke jin Yarbanci. Ka kuma tabbatar mai sayarwa shi ne mai kayan, don akwai gidajen da ake ba da haya da kayansu a ciki, ɗan haya ya sayar da na maigida ya gudu.

Saura abu ɗaya da ba ka tambaya ba. Kuɗin nan na kayan ɗakinta ne, kayan kuma mallakinta ne, ba naka ba. Akwai iyayen da ba za su ji daɗi a ce an kai 'yarsu kan gadon da wata ta kwanta ba, komai kyan katakonsa. Ka faɗa musu tsarin tun yanzu, ka tura mata hotuna ta zaɓi launin yadi. In sun ce gado lallai sabo, ba kafinta gadon, ka nemi kujeru da teburi da sif na katako a na hannu. Kowane ka saya, a rubuta takardar ciniki da sa hannun mai sayarwa da lambar wayarsa, sunan amarya a sama.