Wata huɗu da mai keken da ke kai mini yara Islamiyya

Ina tashi aiki ƙarfe huɗu, Islamiyyar yarana kuma ƙarfe huɗu ake shiga, bayan la'asar. Gidanmu yana Arkilla a garin Sakkwato, makarantar tana Runjin Sambo, maigida kuwa yana babbar kasuwa sai magariba. Da farko ɗan kabu-kabu nake kira, sai ran nan na ga yadda ya jera su ukun a babur, ƙaramar tana kan tanki ta riƙe allonta. Daga ranar na ce a'a.

Wata maƙwabciyata ce ta haɗa ni da wani mai keke Napep, abin hawan da mu a nan muke ce wa agwagwa da buje. Dattijo ne, da 'yar furfura a gemu. Muka yi shata na wata: ya zo uku da rabi, ya kai su, ya ɗauko su ƙarfe shida, daga Asabar zuwa Laraba, tunda Alhamis da Juma'a babu Islamiyya. Sauran lokacinsa nasa ne, ya yi haya yadda ya so. Kuɗin ba kaɗan ba ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 babu mai keken da zai yi maka shata da araha, ni ma ban ja da shi sosai ba.

Wajen cika lokaci ba ni da abin cewa. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40, kujerar keke tana ƙuna kamar tanda, sai na tarar ya jiƙa wani tsohon buhu ya shimfiɗa musu. Ba ni na ce ya yi ba. Kuma ba ya tafiya sai ya ga sun shige ƙofar makaranta. Yaran har Baba suke ce masa, shi ma yana yi musu tilawa a hanya, wai don kar su yi ta faɗa a baya.

Inda muka samu matsala sau ɗaya ne, amma ta tayar mini da hankali. Wata Talata na ji yara sun shigo suna labarin "sabon direba" mai gudu, wai har ya ɗauki fasinja biyu a Gawon Nama, babban ɗana ya koma zaman gefen direba. Ashe Baba ya tafi jana'iza, ya tura ƙanen matarsa bai gaya mini ba. Na kira shi a daren.

"Baba, in ba ka samun zuwa, ni za ka kira, ba wani za ka aiko ba."

"Hajiya, ki yi haƙuri, na ga kamar kar ɗiyan su rasa karatu ne."

Na san da zuciya ɗaya ya yi. Amma gara su rasa hadda ta yini guda da in ba mutumin da ban taɓa gani ba 'ya'yana. Laifina ne ma wani ɓangaren, don ranar da muka yi ciniki kuɗi da lokaci kawai muka tattauna. Yanzu mun ƙara sharuɗɗa biyu: babu wakili, babu ɗaukar fasinja in yara suna ciki. Malamin da ke tsaron ƙofa ma na gaya masa kar ya sallame su ga kowa sai Baba.

Tun daga nan sau biyu ya kira ya ce ba zai samu zuwa ba, na nemi izini a ofis na kai su da kaina. Wata mai zuwa zan sabunta shatar, ya ce a ƙara masa wani abu saboda mai, muna kan magana.