Tuna, sardin ko tarwaɗa: wane kifi za a saya wa yaro?

A gidanmu ni ke cefane, shi ya sa ranar da uwargida ta ce a fara sa wa 'yar autarmu kifi a fate, ni na tsaya a shago riƙe da gwangwani biyu ina jujjuyawa, ɗaya kifin tuna, ɗaya sardin. Gwangwanin tuna ya fi tsada nesa ba kusa ba, takardarsa ma ta fi kyau, zuciya kuwa takan raya wa uba cewa mai tsadar shi ya dace da ɗansa. A harkar kifi wannan lissafi ba ya fita, dalili kuwa zaiba.

Zaiba ita ce ruwan ƙarfen nan mai sheƙi da ke cikin tsohon ma'aunin zafin jiki, wadda masu haƙar zinariya ke kama gwal da ita. In ta shiga ruwa, ƙwayoyin bakteriya na cikin laka sukan juya ta zuwa wani nau'i mai kama tsokar kifi. Ƙaramin kifi ya ɗauki kaɗan, babba ya haɗiye ƙanana dubu, duk abin da ke jikinsu ya taru a nasa. Saboda haka kifin da ke farautar 'yan'uwansa, ya kuma daɗe a duniya, shi ya fi tara ta. Illarta a ƙwaƙwalwa da jijiyoyi take, musamman ga ɗan tayi da ƙaramin yaro da ƙwaƙwalwarsa ke kan ginuwa. A Minamata ta ƙasar Japan aka ga mafi muninta, inda aka gano cutar a 1956 bayan wata masana'antar sinadarai ta daɗe tana zuba dagwalonta a teku. An haifi jarirai da naƙasa alhali iyayensu mata ba su nuna wata alama mai tsanani ba. Wancan guba ce mai yawan gaske, ba irin ta gwangwanin shago ba, amma daga nan duniya ta san hanyar da zaiba ke bi ta iso kwanon abinci.

Abin da ya kamata mai saye ya riƙe shi ne wanki ba ya fitar da ita, haka suya, haka banda. Tsiyaye man gwangwani ma ba ya rage komai, domin a tsoka take ba a mai ba. Tun a wurin saye ake gama magana.

To, tuna ba iri ɗaya ba ce, nan ne aikin yake. Ka juya gwangwanin ka karanta ƙananan rubutun nan na baya. In ka ga "skipjack" ko "light", ƙaramar tuna ce mai saurin girma, irin wadda ake yawan cusawa a gwangwani a Tema ta Ghana. Gwajin hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ya nuna tana da kimanin miligiram 0.13 na zaiba a kowane kilo. In kuwa "albacore" ko "white" aka rubuta, adadin ya kai 0.35, wato kusan ninki uku. Mai suna "bigeye" ta doshi 0.7, hukumar ta ce yara da masu juna biyu su bar ta gaba ɗaya, tare da kifin shak da kifi mai takobi, waɗanda suka kusa miligiram 1. Gwangwanin da aka rubuta "tuna" kawai ba a faɗi iri ba, ni dai mayar da shi nake yi kan kanta. Babba ya ci abinsa da burodi, amma ban ga dalilin yin caca da kwanon yaro ba.

Yanzu duba sardin a wannan ma'aunin: 0.013. Kashi ɗaya cikin goma ke nan na tunar da ta fi kowace tsabta. Ga shi da man nan na omega-3 da ake nema don ƙwaƙwalwa, ƙayarsa ta dahu ta yi laushi har tana murƙushewa da cokali, yaro ya samu sinadarin ƙarfafa ƙashi a bagas. Aibinsa gishiri. Wanda ke cikin mai ko ruwa ya fi na miyar tumatir mai yaji dacewa da ɗan ƙasa da shekara, kuma in an sa shi kada a ƙara gishiri ko dunƙule a abincin.

Sai kifin ƙanƙara, wanda shi mafi yawanmu ke saye. Titus na gaske, mai zanen baƙi-baƙi a gadon baya kamar an ja da alƙalami, yana kusan 0.05, kuma yana da mai sosai. Shawa ma ƙaramin kifi ne mai ƙarancin zaiba, sai dai ƙaya kamar an watsa allura, ba na ba yaro shi sai an daka. Wani abin lura: akwai babban ɗan'uwan titus da ake rubuta wa "king mackerel", dogo ne ƙato, nasa ya haura 0.7, yana cikin waɗanda aka hana yara. Kada kamar suna ta ruɗe ka, ka sa mai kifi ya nuna maka kwalin in kana shakka.

Namu na gida fa? Tarwaɗa da karfasa suna cikin mafi ƙarancin zaiba a jerin FDA, kuma tarwaɗar kiwo da ake kwashewa cikin watanni ba ta ma daɗe ba balle ta tara. Giwan ruwa da tsage mafarauta ne, ƙaton giwan ruwa irin wanda ake kamawa a bikin kamun kifi na Argungu ya shekara yana cin ƙanana. Daɗinsa ba a magana, amma na manya ne. In za a ba yaro, a zaɓi ƙarami, kuma jefi-jefi. Ruwan da aka kamo kifi shi ma abin tambaya ne. Haƙar zinariya ta hannu ita ce kan gaba a duniya wajen sakin zaiba a muhalli, ana kuma yin ta a Zamfara da jihar Neja, da yankin Tillaberi a Nijar, da garuruwan Ghana, inda ake kiranta galamse. Kifin rafi ko kududdufin da ake wanke gwal a kusa, ko kyauta aka ba ni ba zai shiga kwanon yaro ba. Mutane kan haɗa wannan da abin da ya kashe yara a Anka da Bukkuyum a 2010, amma waccan gubar dalma ce daga ƙurar dutsen da ake niƙawa a gida, ba daga kifi ba.

Busasshen kifi da banda suna bin asalinsu ne. Ƙanana sun fi, don ruwa kawai ya fita, abin da ke tsoka yana nan. Da su, abin da ya fi damuna shi ne maganin ƙwari da wasu ke fesawa, don haka in ka sansana ka ji baƙon wari, wuce gaba.

Game da yawa, shawarar da FDA ta sabunta a 2021 ita ce sau biyu a mako daga cikin masu ƙarancin zaiba: giram 28 a kowane ci ga ɗan shekara 1 zuwa 3, wato kamar cokali biyu na tsoka, ninki biyu ga ɗan 4 zuwa 7, ninki uku ga ɗan 8 zuwa 10. Tuna "skipjack" ta samu shiga wannan rukuni, amma a ɗan gajeren jerin waɗanda suka fi kowa ƙaranci, inda sardin da titus da tarwaɗa da karfasa suke, babu ita. Ana iya fara kifi tun wata shida tare da sauran abinci, a fara da kaɗan, a lura ko jiki zai yi ƙuraje ko kumburi.

Ran nan dai sardin biyu na ɗauka, na biya ta wurin mai ƙanƙara ya sare mini titus ɗaya gida huɗu. Da yamma na tarar uwargida ta dafa yanki guda, tana murza tsokar tsakanin yatsu a kan faranti, tana ɗaga kowane ɓarɓashi ga hasken taga, ta tara ƙananan ƙayoyi a gefe, kafin ta juye sauran cikin faten dankali.